Shin ya dace 'yata ta buɗe wa yaran maƙwabta ƙofa a daren Halowin?

Kakar Yara (Gwammaja)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi wa malamai da iyaye da 'yan'uwa da ke wannan zaure fatan alheri. Na zo da wata tambaya da 'yata ta ɗora mini, kuma ban so in ba ta amsa da ka ba, shi ya sa na ga ya fi kyau in nemi shawarar waɗanda suka fi ni sani.

'Yar tawa tana zaune da mijinta da 'ya'yansu biyu a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, inda mijin yake ƙarin karatu. Da farko sun zauna a gidajen ɗalibai, bene ne wanda ba a shiga sai da mabuɗi, saboda haka babu mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. A bana suka koma wata unguwa, gida na ƙasa mai ƙofa a bakin titi, kuma tun shigowar watan Oktoba ta ga maƙwabta sun jera kabewa a bakin ƙofofinsu, an fafe wasu an yanka musu ido da baki, wasu gidajen sun rataye kwarangwal na roba da fararen ƙyallaye masu siffar fatalwa, har da masu kafa allunan kabari na ƙarya a kan ciyawar gaban gida. Ta turo mini hotunan ta WhatsApp, kuma na kaburburan nan bai yi mini daɗin gani ba, domin mu a nan idan aka ambaci kabari jiki ne yake yin sanyi. An gaya mata cewa a daren 31 ga wata yara za su sa kayan ɓad-da-kama su bi gida-gida suna neman alewa.

Abin da ya sa maganar ta yi mata nauyi shi ne maƙwabciyarta ta jikin gida, wata Kirista mai 'ya'ya uku. Tun ranar da suka tare matar nan ta riƙe ta kamar ƙanwa. Da zazzaɓi ya kwantar da 'yata, ita ce ta riƙa kai babban yaron makaranta tana ɗauko shi, ta dafa musu abinci, kuma sai da ta tambayi abin da muke ci da wanda ba ma ci kafin ta ɗora tukunya. Yanzu ita ce ta ce wa 'yata, cikin fara'a, yaranta sun ƙagu su zo su nuna mata kayan da za su sa. Mijin ya ce shi ransa bai kwanta da abin ba, amma bai hana ba, ya ce ta nemi shawara.

Ni na tashi a gidan da ba a mayar da yaro hannu rabbana. Idan almajiri ya yi sallama a zaure, ko ƙanzo ne sai an miƙa masa. Saboda haka rufe ƙofa a kan yaran matar da ta yi wa 'yata halacci yana yi mini nauyi ƙwarai, amma kuma ba na so in ce mata ta buɗe alhali akwai abin da ya taɓa addini. Ina roƙon wanda ya san asalin wannan biki ya bayyana mana, wanda ya zauna a can ya gaya mana yadda mutanen suke ɗaukar wanda bai buɗe ba, malamai kuma su haska mana hukuncin. Allah ya saka da alheri.

Malamin Tarihi (Ƙofar Na'isa)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan taɓa ɓangaren asalin abin ne kawai, domin shi ne fagena.

Bikin yana da saiwa biyu, kuma dukansu a addini suke. Ta farko tana tsibirin Ailan da ƙasar Sikotlan, inda tun kafin Kiristanci ya isa can mutane suke yin wani biki mai suna Sawin a ƙarshen kaka, daidai shigowar sanyi, lokacin da ake sauko da dabbobi daga makiyaya a yanka waɗanda za a ci a hunturu. Suna hura manyan wutace, kuma suna da imanin cewa a wannan dare shamakin da ke tsakanin duniyar mutane da ta ɓoye yana yin rauni. Ta biyu daga coci take. Paparoma Giregori na Uku, wanda ya yi zamani daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin ibada a birnin Rum domin tunawa da dukan waɗanda suke ɗauka waliyyai, daga baya kuma, a wajajen 835, aka tabbatar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranar wannan tunawa a daular Faransawa ta lokacin. Aka kuma ware 2 ga Nuwamba domin yi wa matattu addu'a. Daren 31 ga Oktoba shi ne jajiberin ranar waliyyan. Wannan ne ya sa kika ga kabari da kwarangwal a hotunan, domin kwanakin tun asali na ambaton matattu ne.

Shi kuwa bin gida-gida, a Ingila ta da talakawa ne da yara suke zagayawa a waɗannan kwanaki, a ba su wani ɗan burodi, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. A Sikotlan yara kan ɓad da kama su rera waƙa a bakin ƙofa, a sallame su da tuffa ko 'yan kuɗi. Da yunwa ta afka wa Ailan tsakanin 1845 da 1852, sakamakon cutar da ta lalata dankalin Turawa, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu sama da miliyan kuma suka yi hijira, da yawansu zuwa Amurka, suka tafi da al'adunsu.

A nan ne abin ya sauya kama, kuma nan ne nake ganin ya fi shafar tambayarki. A shekarun 1920 da 1930 daren ya zama na ɓarnar samari a garuruwan Amurka da Kanada: a cire wa mutum ƙyauren shinge, a shafe tagogi da sabulu, wani lokaci a fasa kaya. Iyaye da shugabannin unguwanni suka ga gara a jawo yaran zuwa bakin ƙofa a ba su kayan zaƙi da a bar su suna yawon ta'adi. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsaiko, domin daga 1942 zuwa 1947 ƙayyade sukari ake yi a Amurka, amma a shekarun 1950 al'adar ta game ƙasar, kamfanonin alewa da na tufafi kuma suka rungume ta. Tun daga 2021 ƙiyasin ƙungiyar masu kantuna ta ƙasar yake nuna cewa abin da Amurkawa suke kashewa a kan wannan biki ya haura dala biliyan 10 a kowace shekara.

A ganina, wanda ya ce yaran da za su zo ƙofar 'yarki bautar aljanu suka fito yi, bai yi musu adalci ba, domin alewa suke nema, iyayensu kuma al'adar da suka tashi a ciki suke bi. Wanda kuma ya ce bikin ba shi da wata alaƙa da addini, shi ma bai faɗi daidai ba, domin ranarsa da alamominsa daga can suka fito. Ya kamata 'yarki ta san cewa ko a cikin Kiristocin Amurka akwai waɗanda ba sa yi. Shaidun Jehobah ba sa yi ko kaɗan, wasu majami'u kan shirya wa yaransu wani taro na daban a daren, haka nan Yahudawa masu tsananin riƙo da addini da yawansu ba sa shiga.

Injiniya (Tarauni)

Hajiya, barka da ƙoƙari. Na yi shekaru ina aiki a Amurka da iyalina kafin mu dawo gida Kano, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Da farko ki kwantar da hankalinki a kan maganar wulaƙanci, domin abin yana da ƙa'idar da kowane yaro ya sani. Gidan da yake son a zo yana kunna fitilar bakin ƙofa, gidan da ba ya so yana kashe ta, kuma iyaye da kansu suke hana yara zuwa gidan da ke da duhu. A kowane layi za a sami gidajen da ba su kunna ba: wani tsoho ne da ba ya iya tashi-zauna, wani yana da jariri mai barci, wani yana aikin dare, wani addininsa ne ya hana shi. Babu mai bin ba'asi. Yawon kan fara ne da yamma liƙis ya ƙare kafin dare ya yi nisa, kuma garuruwa da yawa sukan tsayar da sa'o'i, misali daga ƙarfe 6 zuwa 8, wasu har sukan matsar da ranar. Kalmar da yaran suke faɗa a bakin ƙofa tana nufin a ba su ko su yi tsiya, amma a unguwannin iyali magana ce kawai ta baki. Jifan gida da ƙwai yana faruwa jefi-jefi, kuma aikin manyan samari ne cikin dare, ba na ƙananan da suke tafe da iyayensu ba.

Ni dai na buɗe, kuma ina ganin 'yarki ma ta buɗe. Dalilina shi ne yanayin zaman mutanen can. A Kano mutum yana fita masallaci sau biyar, yana zama a majalisa, yana haɗuwa da maƙwabcinsa a wajen suna da jana'iza. A can mutum yana dawowa daga aiki ya danna maɓalli gareji ya buɗe, ya shige da motarsa, ƙofa ta sauko, shi ke nan sai gobe. Ana iya shekara ba a san sunan wanda ke gida na uku ba. Wannan dare shi ne kusan kaɗai lokacin da unguwa take fitowa kan titi da ƙafa, maƙwabci ya tako har bakin ƙofar maƙwabcinsa. Ina tuna wata 'yar mitsitsiyar yarinya da aka sa wa kayan ƙudan zuma, fukafukan sun karkace, ta miƙo bokitinta da hannu biyu, kunya ta hana ta magana, mahaifinta yana tsaye daga bakin titi da tocila yana tuna mata ta ce ta gode. Uwargidana ce ta buɗe mata da hijabinta. A wannan daren mahaifin ya san cewa gidan Musulmin nan na kwana mutane ne masu fara'a, kuma tun daga ranar muke gaisawa. Musulmi baƙar fata a ƙasar da wasu ba su san mu ba sai ta talabijin, bai kamata ya raina irin wannan damar ba.

Ban taɓa yi wa gidana ado da kwarangwal ko kabewa ba, ban kuma sa wa 'ya'yana kayan mayu ba. Na ɗauki abin a matsayin yaro ya zo ƙofata na ba shi abin da ke hannuna.

Idan ta yanke shawarar buɗewa, kada ta wahalar da kanta da yin tuwon madara ko alkaki da niyyar burge su, domin iyaye suna zubar da duk abin da ba a naɗe yake daga kamfani ba. Tsoron guba ne ya jawo haka, ko da yake masanin zamantakewa Joel Best, wanda ya daɗe yana bibiyar rahotannin, bai sami shaidar cewa wani baƙo ya taɓa kashe yaro da alewar wannan dare ba. Shari'ar da ta fi shahara, ta 1974 a jihar Tekzas, uba ne ya sa wa ɗansa na cikinsa guba domin kuɗin inshora. Ta sayi ƙananan cakulan na leda. Ta kuma lura cewa alewa masu danƙo da yawa ana yin su da sinadarin jelatin, wanda galibi daga alade ake samunsa a can, saboda haka ta karanta jikin leda kafin ta saya, kuma ta bincika duk abin da aka ba jikokinki a makaranta.

Ɗalibin Ilimi (Kurna)

Assalamu alaikum. Hajiya, Allah ya ƙara wa 'yarki tsoron Allah, domin tambayar da ta yi kafin ta aikata alama ce ta alheri. Ni ɗalibi ne, zan faɗi abin da na karanta a gaban malamaina. Ina girmama Injiniya kuma na yarda niyyarsa kyakkyawa ce, amma na saɓa masa, kuma shawarata ita ce kada ta buɗe.

Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Anas, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo Madina ya tarar mutanenta suna da ranaku biyu da suke wasa a cikinsu tun zamanin jahiliyya, sai ya gaya musu cewa Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, wato ranar Ƙaramar Sallah da ranar Babbar Sallah. A lura da cewa wasa ne aka ce suna yi a ranakun, kuma duk da haka aka musanya su. Saboda haka hujjar cewa yaran yau alewa kawai suke nema ba ta isa ta warware matsalar ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi kamanceceniya da wasu mutane yana cikinsu. A kan irin waɗannan dalilai ne malamai da yawa suka hana, kuma a 2014 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta fitar da hukuncin haramta wa Musulmi yin wannan biki.

Inda na fi so a tsaya a yi nazari shi ne maganar Injiniya cewa yaro ne ya zo ƙofarsa ya ba shi abin da ke hannunsa. Da haka abin yake, da babu jayayya. Amma shi da kansa ya bayyana mana cewa sai an je kanti an sayi alewar musamman, an zuba a kwano, an kunna fitila a daren da aka ƙayyade da sa'ar da aka ƙayyade, kuma fitilar nan sanarwa ce cewa gidan yana ciki. Bikin ɓangare biyu gare shi, masu ƙwanƙwasawa da masu buɗewa, kuma da babu masu buɗewa da babu bikin. Wanda ya kunna fitila ya ɗauki rabin aikin ke nan, ko da bai rataye kwarangwal ba. Hajiya, wannan ne bambancinsa da almajirin da kika ambata. Shi yunwa ce ta kawo shi, kuma ba shi da wata rana ta musamman. Waɗannan yaran a ƙoshe suke, ranar ce ta kawo su.

Ba zan ɓoye ba cewa a cikin malaman da suke zaune a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu sassautawa a kan miƙa wa yaro alewa idan ya zo, bisa ganin cewa abin ya riga ya zama al'adar gari. Ya kamata mijinta ya tambayi limamin masallacinsu, wanda ya san halin wurin. Ni dai abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne barin abin da ake kokwanto a kansa, musamman da yake barin ba zai jawo mata wata cuta ba.

Sai dai kada a fahimci maganata a matsayin izinin juya wa maƙwabciyar nan baya, domin haƙƙinta yana wuyan 'yarki, kuma babba ne. Allah yana cewa a Suratul Mumtahana, aya ta 8, bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, da yi musu adalci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya yi zaton za a ba shi gado. Abdullahi ɗan Amr, da aka yanka akuya a gidansa, tambayar da ya riƙa maimaitawa ita ce ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Matar da ta tambayi abin da 'yarki take ci kafin ta ɗora tukunya ta nuna tana girmama addinin mutane. Irin wannan ba a kashe mata fitila a yi shiru ta wayi gari tana tunanin ko ta yi laifi. 'Yarki ta taka da ƙafarta tun kwanaki kafin ranar, ta zauna da ita, ta gaya mata a fili cewa addininsu bai ba su damar shiga wannan biki ba, kuma hakan bai rage komai daga ƙaunar da take yi mata da 'ya'yanta ba.

Malama Uwar Marayu (Fagge)

Yaya Hajiya, sannu da wannan tunani. Duk wanda ya tashi a Kano ya karanta tambayarki, tashe ne zai faɗo masa a rai, kuma ina jin shi ne ya sa zukatanmu suke tausaya wa yaran nan. Daga goma ga azumi, bayan an sha ruwa, mukan fita layi-layi, maza su liƙa gemun auduga su cusa tsummoki a ciki su yi tumbi, mu mata mu kifa ƙoƙo a cikin ƙwaryar ruwa muna kaɗawa, a sallame mu da gero ko 'yan kuɗi. A 'yan shekarun nan ma rundunar 'yan sandan jihar nan ta sha dakatar da shi saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da suke fakewa da shi, abin da yake baƙanta mini rai matuƙa.

Na kawo wannan ne domin na taɓa zama yarinyar da take tsaye a waje. Unguwarmu tana maƙwabtaka da Sabon Gari, kuma a layinmu akwai gidajen Kiristoci. Wasu sukan leƙo su ba mu, wasu ba sa buɗewa, kuma ban taɓa jin wani yaro ya ƙullaci gidan da bai buɗe ba, domin mun san watan namu ne ba nasu ba, mukan wuce gaba kawai. Abin da ya zauna a raina har yau shi ne wata mata daga cikinsu wadda ba ta taɓa ba mu ko kwabo na tashe ba, amma ita ce take ɗinke mana kayan makaranta idan sun yage ba ta karɓi komai ba. Yaro yana auna mutum ne da yadda yake yi masa kullum. Saboda haka na goyi bayan Malam na Kurna, kuma ina tabbatar miki yaran maƙwabciya ba za su riƙe 'yarki a zuci ba, muddin fuskarta a sake take gare su a sauran kwanaki.

Amma ni yaran da suka fi damuna su ne na cikin gida, wato jikokinki, kuma ban ga an yi maganarsu sosai ba. Babban yana makaranta, inda tun farkon wata abokansa suke zancen kayan da za su sa, kuma makarantu da yawa a can suna barin yara su zo da kayan a ranar. Idan aka kashe fitila aka zaunar da shi a ɗaki yana ɗaga labule yana kallon tsaransa suna wucewa da bokitai cike da alewa, ba tare da an yi masa bayani ba, abin da zai shiga ransa shi ne addininsu hani ne kawai. Idan kuma aka buɗe ƙofa ya ga uwarsa tana rabawa, gobe zai tambaya me ya sa shi ba zai fita ya karɓa ba, kuma amsar za ta yi wuya. Wannan ma yana cikin abin da ya sa nake ganin rashin buɗewa ya fi sauƙin riƙewa.

Shawarata ita ce su zaunar da shi tun da wuri su gaya masa, da harshen da zai gane, cewa kowane gida da bukukuwansa, kuma nasu su ne Sallah biyu. Su fita da yaran a wannan yammacin, ko gidan wasu 'yan'uwa Musulmi ko masallaci, domin masallatai da dama a can sukan shirya wa yara taro a daren. Sannan idan Sallah ta zo, wajibi ne su raya ta da gaske. A Kano gari ne gaba ɗaya yake yi wa yaro Sallah, da sababbin kaya da lalle da kallon hawa da yawon barka da Sallah. A can tana iya faɗowa ranar Talata kowa yana wajen aiki. Birnin Niyok ya sanar a 2015 cewa makarantun gwamnati za su riƙa rufewa a Sallah biyu, amma ba ko'ina ake haka ba. Su nemar masa izini daga makaranta, su yi wa gida ado, su ɗinka masa kaya, su gayyato yaran maƙwabciyar nan su ci su sha a cika musu hannu da alewa. Ke ma, Yaya, ki riƙa aika musu da ɗinkin Sallah daga nan a kan lokaci.

Kakar Yara (Gwammaja)

Na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Na karanta wa 'yata duka, kuma ita da mijinta sun karkata ga rashin buɗewa, za ta je wajen maƙwabciyar da kanta a cikin makon nan. Abin da ya rage mata shi ne ƙaramar 'yarta, jaririya, tana mura, ba lallai su iya fita ba. Injiniya, idan suna cikin gida aka ƙwanƙwasa duk da haka, yaya za ta yi?

Injiniya (Tarauni)

Hajiya, ra'ayina bai sauya ba, amma shawarar da suka yanke tana da hujja kuma ina girmama ta. Maganar Malama a kan yaran cikin gida ta yi nauyi, domin tambayar da ta ambata 'ya'yana sun yi mini ita.

Ta fara duba shafin intanet na hukumar garinsu domin ta san ainihin rana da sa'o'in da aka tsayar. Kafin lokacin ta kashe fitilar bakin ƙofa da ta gareji, kuma idan fitilar irin mai kunna kanta ce idan ta ji motsi, ta kashe ta daga makunni, domin ita ce take yawan ruɗar yara. Ta sauke labulen tagogin da ke kallon titi, su koma ɗakin baya. Tana iya liƙa 'yar takarda a ƙofa da ke cewa gidan ba ya shiga, a yi haƙuri, akwai jaririya marar lafiya. A Ingila 'yan sanda da kansu sukan raba irin wannan takarda ga masu buƙata, musamman tsofaffi, saboda haka ba baƙon abu ba ne. Idan wani ya danna ƙararrawa duk da haka, ba dole ta amsa ba, zai jira kaɗan ya wuce. Idan kuma yaran maƙwabciyar ne suka zo domin ɗoki ya sa sun manta, ta buɗe ta gaishe su da sunayensu, ta ce su dawo gobe da rana su yi wasa da ɗanta, domin gaisuwa dai babu wanda ya hana.

Abu na ƙarshe ya shafi mijin, idan zai dawo gida da mota a wannan yammacin. Wani bincike da aka buga a mujallar likitancin yara ta ƙungiyar likitocin Amurka, wanda ya duba alƙaluman 1975 zuwa 2016, ya gano cewa haɗarin mota ta kashe mai tafiya a ƙasa yana ƙaruwa da kashi 43 cikin 100 a wannan yammaci, kuma ƙananan yara abin ya fi shafa. Suna sanye da baƙaƙen kaya, wasu fuskarsu a rufe ba sa gani sosai, suna ɓullowa da gudu daga tsakanin motocin da aka ajiye. Ya dawo kafin a fara, ko ya jira sai an watse, idan kuma dole ne ya shigo unguwa a tsakiyar abin, ya tafi a hankali sosai, ya kuma duba bayansa da kyau kafin ya juya mota ya shiga gareji.